Abdullahi Ɗan Amru Ɗan Asi: Saurayin Da Ya Ɗaukar Wa Tsufansa Kaya

 

Duk shekara idan Shawwal ya raba tsakiya, akwai wata ƙidaya da idona yake yi ba tare da na sa shi ba. A goman ƙarshe na Ramadan, masallacinmu na nan Unguwar Shanu ba ya ɗaukar jama'a, sai an shimfiɗa tabarmi a waje, ƙarfe biyun dare ka ga samari a tsaye kamar an dasa su. Bayan Sallah da mako uku kuwa, idan na sallame Asuba na juyo, sahu biyu nake gani, na biyun ma da giɓi. Waɗanda suka rage su ne dai dattawan da suke nan tun kafin azumi, waɗanda wasunsu ko tahajjudin ma a zaune suka yi.

Makon jiya wani matashi ya jira har kowa ya watse, ya matso ya gaishe ni, ya zauna ya kasa magana. Da ƙyar ya faɗi abin da ke ransa. A Ramadan ya yi i'itikafi, ya yi saukar Alƙur'ani sau huɗu, ranar Sallah ya ɗaukar wa kansa alkawarin tsayuwar awa biyu kowane dare da izu goma kullum. Ya yi kwana tara a haka. Yanzu ya fi mako biyu bai buɗe Alƙur'ani ba, Asuba sai rana ta fito, idan ya ta da kabbara bai san raka'a nawa ya yi ba. Ya ce sallar ma gundurarsa take yi, yana jin tsoron ko munafuki ne, har yana tunanin ya daina nafila gaba ɗaya tun da dama ƙarya yake yi. Wallahi na ga tsoro na gaske a fuskarsa.

Ban yi masa wa'azi ba. Labarin wani Sahabi na ba shi, kuma na yi masa alkawarin zan rubuta shi a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

WANE NE SHI?

Sunansa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ɗan Wa'il, Baƙuraishe daga gidan Banu Sahmi, alkunyarsa Abu Muhammad, Allah Ya ƙara masa yarda. Mahaifinsa shi ne Amru ɗan Asi, wanda Allah Ya buɗe ƙasar Masar ta hannunsa. Mahaifiyarsa Raiɗa 'yar Munabbih. Masana tarihi sun ambaci cewa tsakaninsa da mahaifinsa shekara 11 ne ko 12, wato in ka gan su tare sai ka ce wa da ƙane. Ya riga mahaifinsa shiga Musulunci, domin Amru sai a watan Safar na shekara ta 8 bayan Hijira ya zo Madina tare da Khalid ɗan Walid da Usman ɗan Ɗalha. Shi ne ɗaya daga cikin Abdullahin nan huɗu da malaman hadisi suke haɗa su wuri guda: ɗan Umar, ɗan Abbas, ɗan Zubairu, da shi ɗan Amru.

Bisa maganar da ta fi shahara, ya rasu a shekara ta 65 yana da shekara 72. Ku riƙe wannan lissafi, don za mu buƙace shi. Yana nufin lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati a shekara ta 11, Abdullahi bai cika ashirin ba. Duk abin da zan ba ku labari na zamansa da Annabi, saurayi ne ya yi shi, sa'ar waɗannan da suke cika mana sahun tahajjud.

Ya iya rubutu a zamanin da masu rubutu ba su da yawa, kuma ya kasance yana rubuta duk abin da ya ji daga bakin Annabi (SAW). Wasu daga Ƙuraishawa suka hana shi, suka ce Annabi mutum ne, yana magana cikin fushi da cikin yarda. Sai ya dakata, ya kai maganar wurin Annabi. Manzon Allah ya nuna bakinsa mai albarka, ya umarce shi da ya ci gaba da rubutawa, ya rantse cewa gaskiya kaɗai ke fita daga cikinsa. Abu Dawuda ya ruwaito wannan. Abin da ya tara shi ne takardun da ake kira Assahifatus Sadiƙa, waɗanda suka zama gado a gidansa. Ɗalibai sun san isnadin Amru ɗan Shu'aibu daga babansa daga kakansa; to kakan nan shi ne Abdullahinmu. Abu Huraira da kansa, a Sahihul Bukhari, ya shaida cewa babu wanda ya fi shi yawan hadisi sai Abdullahi ɗan Amru, saboda shi yana rubutawa, Abu Huraira kuma ba ya rubutawa. Abin da ya iso gare mu ta hanyarsa ya kai hadisi wajen 700.

ANGON DA BAI SAN AN YI AURE BA

Mahaifinsa ya aura masa wata mace mai asali daga Ƙuraishawa. Amru mutum ne mai lura, yakan leƙa ya gaishe da surukarsa, ya tambaye ta halin mijinta. Ita kuwa ta ba shi amsa irin ta 'ya'yan manya, yabo a sama, ƙara a ƙasa: mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai tun da aka kawo ta bai taɓa taka shimfiɗarta ba. Da rana yana azumi, da dare yana tsaye. Kullum azumi, kowane dare saukar Alƙur'ani sukutum.

Da abin ya daɗe, Amru ya kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW). A wata ruwaya ta Bukhari, Annabi ya zo har gidan Abdullahi. Saurayin ya miƙa masa matashin kai na fata da aka cusa wa zaren dabino, Annabi ya zauna a ƙasa, matashin kan ya zama a tsakaninsu. Ku dubi wannan zama: shugaban halitta ya taka ya zo gidan yaro, ya zauna a ƙasa, don ya rage masa ibada. Ba barasa ya sha ba, ba salla ya bari ba. Yawan azumi da yawan tsayuwa ne suka kawo Annabi ƙofar gidansa.

Annabi (SAW) ya faɗa masa abin da zai biyo baya in ya ci gaba a haka: idanunsa za su zurma, ransa kuma zai gaji ya ƙosa. Ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa tana da haƙƙi, baƙonsa ma yana da haƙƙi. Sannan ya yanka masa ma'auni: azumin kwana uku a kowane wata, tun da kyakkyawan aiki ninki goma ake biya, kwana ukun nan kamar azumin wata ne cur, saukar Alƙur'ani kuma sau ɗaya a wata, wato izu biyu a rana a lissafinmu.

Abdullahi ya ce zai iya fiye da haka. Aka ƙara masa, ya ce zai iya fiye. Aka sake ƙarawa, ya sake cewa yana da ƙarfi. Kamar ciniki a kasuwa, sai dai a nan mai saye ne yake ta ƙara wa kansa kuɗi, mai sayarwa yana ce masa ya rage. Saukar wata ta koma kwana ashirin, ta koma goma, ta tsaya a bakwai, aka ce kada ya wuce nan. Azumi ya hau har ya kai yau a yi gobe a sha, Annabi ya ce wannan shi ne azumin Annabi Dawuda (AS), kuma babu abin da ya fi shi. A cikin maganar Annabi ya ja hankalinsa da cewa bai sani ba, wataƙila ya yi tsawon rai. Saurayi mai jini a jika bai ji nauyin wannan kalma ba a ranar. Sai bayan shekara hamsin ya ji ta.

ME YA SA DAWUDA?

A nan nake so mu ɗan tsaya. Da Annabi (SAW) zai nuna wa wannan saurayi ƙololuwar ibada, sai ya nuna masa wani Annabi daga Banu Isra'ila, wanda aka ba Zabura, wanda Alƙur'ani ya ba mu labarin duwatsu da tsuntsaye suna tasbihi tare da shi maraice da hantsi. Kuma ta bakin Abdullahi ɗin nan ne muka san tsarin darensa, a Bukhari da Muslim: yana barci rabin dare, ya tsaya sulusinsa, ya sake kwanciya sudusinsa. Annabi ya ce wannan ita ce sallar da Allah Ya fi so.

Ku raba dare kashi shida. Uku barci, biyu salla, ɗaya barci. Kashi huɗu cikin shida kenan yana kwance. Sallar da Allah Ya fi so, barcin da ke cikin darenta ya ninka tsayuwar. Azumin da Allah Ya fi so, rabin kwanakinsa ci da sha ne. Kuma kwanciyar nan ta ƙarshe tana sa mutum ya fuskanci safiya da ƙarfinsa, ba ya wuni yana layi. Shi ya sa a wannan hadisi Annabi ya ƙara da cewa Dawuda ba ya gudu idan an haɗu da abokan gaba. Azuminsa bai cinye ƙarfin da al'umma take buƙata daga gare shi ba. Sarki ne, alƙali ne, maƙerin sulke ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci.

Akwai wata hikima kuma da malamai suka ambata. Mai azumi kullum, jikinsa yakan saba, cin rana ya fita daga ransa, azumin ya zama al'ada kamar yadda wani ba ya karyawa da safe. Mai yi yau ya sha gobe kuwa, kullum sabo ne a wurinsa. Kun ga tsarin Dawuda ya toshe ƙofa biyu a lokaci guda: ƙofar gajiya da ke kai mutum ga bari, da ƙofar sabo da ke kai mutum ga yin ibada zuciya ba ta nan.

MAI KARANTA LITTATTAFAN MUTANEN DA

Wani abin da ya bambanta Abdullahi da yawancin Sahabbai shi ne ya leƙa littattafan Ahlul Kitabi. Ya halarci yaƙin Yarmuk a shekara ta 15, kuma Ibnu Taimiyya da Ibnu Kasir sun ambaci cewa a can ya samu littattafansu kayan raƙumi biyu, yana ba da labari daga ciki gwargwadon izinin da ya fahimta. Izinin kuwa shi da kansa ya ruwaito shi a Bukhari, a hadisin da Annabi ya yi umarni da a isar daga gare shi ko da aya ɗaya ce, ya kuma halatta ba da labari daga Banu Isra'ila.

Har ila yau a Bukhari, Aɗa'u ɗan Yasar ya haɗu da shi ya tambaye shi siffar Manzon Allah a cikin Attaura. Abdullahi ya siffanta masa bawan Allah wanda ba mai kaushin hali ba ne, ba mai ɗaga murya a kasuwanni ba, ba ya rama mugunta da mugunta, kuma ba za a ɗauki ransa ba sai an miƙar da karkatacciyar hanya ta hannunsa, an buɗe makafin idanu da kuraman kunnuwa. Masu bincike sun lura da kamannin wannan siffa da abin da ke babi na 42 na littafin Ishaya, cikin littattafan da Yahudawa suke karantawa da Ibrananci.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira, a darasin kwatanta addinai, an sa mu duba abin da ake kira Zabura a hannun Yahudu da Nasara a yau, wanda maƙwabtanmu Kiristoci a nan Kaduna suke karantawa da Hausa. Babi 150 ne, 73 daga ciki an rubuta sunan Dawuda a kansu a nassin Ibrananci. Ƙa'idar da malamanmu suka ɗora mu a kai ita ce ta Ibnu Taimiyya: abin da ya dace da abin da ke hannunmu gaskiya ne, abin da ya saɓa masa mun ƙi shi, abin da shari'armu ta yi shiru a kansa ba mu gaskata ba mu ƙaryata. Ba hujja ba ce a wurinmu, ba ma bauta da karanta ta, kuma ba na ce kowa ya je ya tona ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan kukan da mai addu'a yake yi a cikinta game da bushewar zuciyarsa. A babi na 63, wanda aka jingina wa Dawuda yana cikin hamada, mai addu'ar yana kamanta ransa da mai ƙishirwa a ƙasar da babu ruwa, sannan yana ambaton Ubangiji a kan shimfiɗarsa cikin dare. A babi na 119, mafi tsawo, mai aya 176, mutum ɗaya ne yake faɗin yana tashi tsakar dare don godiya, yana yabo sau bakwai a yini, kuma shi ne dai yake kukan ransa ya faɗi ƙasa, yana ta roƙon a raya shi, a kawar da idonsa daga kallon abin banza. Na ce a raina, ashe wannan ciwo tsoho ne. Masu tashin dare na al'ummomin da suka gabata ma sun san shi, kuma abin da suka yi da shi shi ne sun mai da shi addu'a, ba su mai da shi dalilin bari ba. Wannan ɓangare kam ya dace da abin da ke hannunmu, kamar yadda za ku gani daga ruwayoyin Abdullahi kansa.

SHEKARA HAMSIN DA KAYA A KA

Annabi (SAW) ya yi wafati, rayuwa ta ci gaba. Abdullahi ya yi yaƙin Sham, ya zauna a Masar inda mahaifinsa ya kafa birnin Fusɗaɗ da masallacin da har yau ake kira da sunansa. Yana da dukiya, ciki har da gonar inabi a Ɗa'if da ake kira Wahɗu. Da fitina ta taso ya halarci Siffin a shekara ta 37 tare da mahaifinsa, ba don ransa ya so ba. Imam Ahmad ya ruwaito cewa ya bayyana dalilinsa: tun ranar da mahaifinsa ya kai ƙararsa, Annabi ya umarce shi da yi wa mahaifin biyayya muddin yana raye, don haka ya zo, amma ba ya yaƙi. Ya kasance yana nadamar halartar wannan rana. Allah Ya yarda da Sahabbai baki ɗaya. Mahaifinsa ya rasu a Masar a shekara ta 43.

Sai tsufa ya zo. Ƙarfi ya tafi, a ƙarshen rayuwarsa ido ma ya tafi. Subu'in Alƙur'ani a dare ɗaya ya fi izu takwas da rabi. Yau azumi gobe sha, rabin shekara kenan, a zafin Masar da Hijaz, ga mutumin da ya haura sittin. A nan ne ya riƙa faɗin maganar da Bukhari da Muslim suka adana mana, cewa ina ma ya karɓi rangwamen da Manzon Allah ya yi masa. A ruwayar Muslim ya nuna cewa da ya karɓi kwana ukun nan, da ya fi soyuwa gare shi a kan iyalinsa da dukiyarsa.

To amma ku dubi abin da ya yi da nadamar. Bai ajiye kayan ba, domin ba ya son ya bar wani abu da ya rabu da Annabi a kansa. Dabara ya yi. Subu'in da zai karanta da dare, sai ya fara karanta shi da rana ga wani daga iyalinsa, don ya zo masa da sauƙi in dare ya yi. Idan jiki ya yi rauni, sai ya sha ruwa kwanaki a jere, yana ƙirgawa, in ƙarfi ya dawo ya rama adadinsu. Ya canza tsari, bai canza alkawari ba.

Wannan shi ne mutumin da Annabi (SAW) ya taɓa kiran sunansa ya gargaɗe shi kada ya zama kamar wane, wanda ya kasance yana tsayuwar dare sannan ya bari. Kun ga an ja masa layi biyu: kada ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka, kuma kada ka saki abin da ka ɗauka. Layi na farko ya tsallake shi yana saurayi, ya biya kuɗinsa da tsufa. Layi na biyu kuwa bai tsallake shi ba har ya koma ga Allah a shekara ta 65. Imam Zahabi ya kawo cewa a Masar ya rasu, aka binne shi a gidansa.

ABIN DA YA BAR MANA

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne, mutumin da ya fi kowa son ɗaukar mai yawa, shi Allah Ya zaɓa ya isar mana da hadisan ƙananan ayyuka da maganin sanyin jiki.

Shi ya ruwaito, a Musnad na Imam Ahmad, a cikin wannan ƙissa tasa, cewa kowane mai ibada yana da lokacin karsashi, kuma kowane karsashi yana da sanyin jiki a bayansa. Wanda sanyin jikinsa ya sauka a kan Sunna ya shiryu, wanda ya sauka a wani wuri daban ya halaka. Ɗan'uwa, ka ji fa. Ba a ce wataƙila sanyi zai zo ba, an ce zai zo. Tambayar ita ce ina za ka faɗa idan ya zo.

Shi ya ruwaito, a wurin Hakim da Ɗabarani, cewa imani yana tsufa a cikin zuciya kamar yadda tufa ke tsufa, don haka a roƙi Allah Ya sabunta shi. Wanda rigarsa ta koɗe ba ya cewa dama can ba riga ba ce, ba ya kuma fita tsirara.

Shi ya ruwaito, a Sunan na Abu Dawuda, cewa wanda ya yi tsayuwar dare da aya goma ba a rubuta shi cikin gafalallu. Aya goma! Fatiha da Ƙulhuwallahu sun haura goma. Mai sauka a dare ɗaya ne yake gaya maka aya goma ta isa ta fitar da sunanka daga rajistar masu sakaci.

Shi ya ruwaito hadisin ɗabi'u biyu masu sauƙi amma masu yin su kaɗan ne: tasbihi goma, hamdala goma, kabbara goma bayan kowace farilla, 150 kenan a harshe, 1,500 a mizani, sai guda 100 lokacin kwanciya, 1,000 a mizani. Da aka tambayi Annabi me ya sa masu yi suka yi kaɗan, sai ya bayyana cewa Shaiɗan yakan zo wa mutum a sallarsa ya tuna masa wata buƙata, ya zo masa a shimfiɗa ya sa shi barci kafin ya faɗa. Yau buƙatar ma tana cikin aljihu, tana kaɗawa tun kafin liman ya gama sallama ta biyu.

Kuma shi ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa zukata a hannun Mai Rahama suke, Yana juya su yadda Ya so, sannan Annabi ya roƙi Allah Ya juya zukatanmu zuwa ga yi maSa biyayya. In Manzon Allah yana wannan roƙo, ni da kai mun fi buƙatarsa.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Shekarata ta farko a jami'a na rubuta jadawali na manna a bango, wanda ko mai hadda na gaske sai ya yi da gaske. Ban kai wata guda ba na karye, kuma da na karye ban koma inda nake a da ba, ƙasa da nan na faɗa. Abin da na koya shi ne, yawancin sakacin da muke kuka da shi, ɗan zumuɗi ne. Mun ɗauki buhu, ya kayar da mu, sai muka yi fushi har da mudu.

TO YANZU ME ZA MU YI?

Na farko, kafin ka yanke wa kanka wuridi, ka tambayi kanka ko za ka iya shi ranar da kake zazzaɓi, ranar da ka dawo daga kasuwa a gajiye, da ranar da ka kai shekara sittin. In amsar a'a ce, ka rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, ka sa wa kanka iyaka ta ƙasa wadda ko me ya faru ba ka sauka daga kanta: farillai biyar a kan lokaci, cikin jam'i ga maza, wutiri ko da raka'a ɗaya, aya goma, da zikirin bayan salla. Ranar karsashi ka hau sama yadda ka so, Ramadan ma don haka aka yi shi. Ranar sanyi ka sauka nan ka tsaya.

Na uku, in abu ya gundure ka, ka canza tsarinsa kafin ka yi tunanin barinsa. Mai karatun dare ya mai da shi bayan Asuba. Wanda ya shekara goma yana salla da surori uku ya haddace ta huɗu, ya koyi ma'anarta. Mai karatu shi kaɗai ya nemi wanda zai riƙa karanta wa, kamar yadda Abdullahi ya yi da iyalinsa.

Na huɗu, ka ba jiki da ido da iyali haƙƙinsu. Wanda ya kai ƙarfe ɗayan dare yana latsa waya, ba imaninsa ne ya hana shi Asuba ba, barcin Dawuda ne bai yi ba. Uwargida da ta wuni tana hidimar gida da yara, ta kwanta da niyya, ita ma tana cikin lada.

Na biyar, bushewar zuciyar kanta ka kai ta gaban Allah. Ka gaya maSa ba ka jin komai, ka roƙe Shi Ya sabunta maka. Jin zafin sanyin jiki alama ce ta zuciya mai rai. Gawa ba ta kukan sanyi.

Matashin nan da na ba ku labari, mun yi yarjejeniya da shi: Asuba a jam'i, shafi biyu bayan salla, wutiri kafin kwanciya, waya ta kwana nesa da shimfiɗa. Ya ce wannan ai ya yi kaɗan. Na yi murmushi, na tuna masa wanda ya taɓa faɗin haka a gaban Annabi. Ya zo kwana huɗu a jere, na biyar ban gan shi ba, na shida ya dawo. Yau da safe yana cikin sahu na biyu, kusa da wani dattijo mai salla a zaune.

Allah Ya ƙara wa Abdullahi ɗan Amru da mahaifinsa yarda. Allah Ya sabunta imani a zukatanmu, Ya ba mu aikin da za mu mutu a kansa, ko da kaɗan ne. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, wanda ya san wani da ke cikin irin wannan hali ya tura masa. Wallahu a'alam.